Kyamara Biyu a Kan Kanta

Mai kanti ya ɗora ƙaramar kyamarar a kan sikeli ya ce, "Rabin kilo ma ba ta kai ba." Ya sauke ta, ya zaro babbar daga kwalinta da hannu biyu. "Wannan kuwa, ita da gilashinta, kilo biyu har da ɗoriya."

Mai hoto yana tsaye a ɗan lungun da ke tsakanin kanta da tarin kwalaye, ƙanwarsa ta tare hanyar fita da jikinta da jakarta. Fankar sama ba ta kawo iska nan. Ji yake kamar an kulle shi a akwati.

Shekara ashirin da shida yana wannan sana'a. 'Yan layinsu ma sun manta sunansa, Kar-A-Motsa suke ce masa. Shagon hoton nasu ne su biyu: shi ke ɗauka, ita ke gyarawa a kwamfuta ta wanke.

Tun bara ya daina fita aikin waje. Biki, taro, wasan ƙwallo, duk ya yi musu sallama. Kafaɗa ce, in ji shi, nauyin kyamara ya cinye ta. Ya kafa tsohuwar kyamararsa a kan ƙarfenta mai ƙafa uku, ya manna tef mai kauri a ƙasa, nan kujera, nan mai tsayuwa, ya hana kowa taɓawa. Mai shara ta taɓa gusar da kujerar, ya yi mata tatas, har yau gaisuwarsu sama-sama ce. Mutum zai zauna, ya danna, kyamara ta yi ɗan kukanta mai nuna ta kama fuska, shike nan. Hotuna kuwa su fito tas.

Ranar Talata tsohuwar kyamarar ta mutu. Ba wanda ya yi mamaki. Robar jikinta ta saɓule, murfin gilashinta ma ya ɓace tun kafin ƙanwar ta yi aure, haka take kwana take tashi ido a buɗe.

A hanyar zuwa kanti ƙanwar ta fito masa a mutum. Wata makaranta ta ba su aikin hoton bikin yaye ɗalibai, a fili, mutum ɗari uku. Za su ɗauki ƙarama, kafaɗa ta huta, ya koma fita aiki. In ya ƙi, za ta kawo wani mai ɗauka, shi kuma ya koma tebur yana yanka hoton fasfo. Yana tafe a bayanta, daf da dugaduganta.

Yanzu ga shi ga su. Ya ɗauki ƙaramar. Ba nauyi ko kaɗan, sai ka ce kwalin ashana. Babban yatsansa ya bi bayanta yana neman madannai, ya tarar da ita sumul.

"Komai a allo yake, Malam," in ji mai kanti. "Ka karanta, ka taɓa, an gama."

Mai hoto ya ajiye ta, ya laluba babbar. Kamfaninsu ɗaya da tsohuwar tasa. Kowane madanni yana inda ya san shi, har ɗan ƙullin da ke gefen yatsa. Tsoro ne ya cika shi, amma hannunsa ya samu natsuwa.

"Yaya, kai fa kake kuka da kafaɗa," ƙanwar ta ce. "Ga mara nauyi, kuma ka rungumi buhun siminti?"

"Nauyi ba shi ne hoto ba. Ƙaramar ba ta da kyan babbar."

"Haba dai! To leƙa mu gani. Ka gwada su duka biyun, ka gaya mini tsakaninka da Allah. In akwai bambancin da ido zai gani, na yarda."

Ƙofa ɗaya ta rage masa, ita ce wannan. Mai kanti ya cire wa ƙaramar murfi, ya kunna ta, ya miƙo. Mai hoto ya kai ta idonsa na dama, ya juya wajen titi inda motoci ke ƙara, ya ɗan jima.

"Launi ya wanke," ya ce. "Gefe-gefen kuma ya yi laushi. Wannan ta 'yan yawon buɗe ido ce."

Mai kanti ya taɓe baki, ya juya yana neman takardar bayani a cikin aljihun tebur. Mai hoto bai jira shi ba. Ya ɗauki babbar, ya kunna ba tare da ya duba ba, ya manna ta a fuska kamar yadda ya yi sau dubbai. Ya danna rabi, yana jiran ɗan kukan nan. Shiru. Ya sake dannawa. Wataƙila a kashe sautin yake zuwa daga kamfani, ya gaya wa kansa.

"Yauwa," ya ce da ƙarfi. "Wannan ita ce kyamara. Kin ga motar can? Har lambarta nake karantawa. Dubi inuwa, dubi yadda haske ya zauna. Ina ƙaramar za ta iya wannan?"

Mai kanti ya daina motsi da takardu. Mai hoto ya ci gaba da yabo, yana ƙara gishiri, har maganar ta ƙare masa a baki.

Sai ya ji hannun ƙanwarsa a kan nasa.

"Yaya," ta ce a hankali, "tun yaushe ba ka gani?"

Ta miƙa yatsu biyu gaban kyamarar, ta cire murfin gilashin da ba wanda ya taɓa tun da aka fito da ita daga kwali.