Farfelar Famau

Ku yaran yanzu, duk abin da kuka ga yana tafiya daidai sai ku ce dabararku ce. Bakina ya gaji da faɗa. Ga labarin Famau nan, wanda ya ga dama ya ɗauka.

Famau ya ci gadon jirgin ruwa mai inji daga ubansa, yana kai baƙi 'yan yawon buɗe ido daga Lamu zuwa tsibiran kusa. Kowa a bakin tekun nan ya san ƙa'ida. In ruwa ya janye, jirgi ya zauna kan laka, sai ka durƙusa ka kankare ƙumbunan tekun da suka manne wa farfelar injin, ka shafe ta da man hantar kifi mai ƙarnin tsiya. In ka yi sakaci, inji zai yi ta ihu, jirgi na rarrafe.

Famau bai taɓa durƙusawa ba. Wani fenti ya sayo a Mombasa ya shafa sau ɗaya, wai ƙumbuna ba za su ƙara kusantarta ba har abada. Kuma farfelarsa kullum tas take, tana ƙyalli.

"Lali, har yau kankara?" yakan ce wa maƙwabcin jirginsa. "A durƙushe za ka tsufa, kamar mai neman gafara!"

"To, ɗan Mombasa," in ji Lali. "Teku dai ba ta iya karanta gwangwanin fenti ba."

Uwar Famau, Somoe, tare suke zaune. Duk asubar da ruwa ya janye takan ɗauki kwando ta tafi neman ƙaguwa. Ta dawo da biyu ko uku, wata rana ma ba ko ɗaya, yatsunta duk yanka. Ran da ya kawo baƙi gida cin abinci ya ga wata ta toshe hanci, ransa ya ɓaci.

"Mama, ƙarnin nan naki zai kore mini baƙi. Ƙaguwa biyu ne za su ciyar da mu? Ki je Faza wajen Kawu Bahero ki huta."

Ba ta yi musu ba. Da ya sauke ta a can, abu ɗaya ta ce: "Kada ka bar ni har damina."

Ya bar ta. Damina ta sauka, baƙi suka ɗauke ƙafa, jirgi ya yi ta zama a ɗaure cikin ruwa. Famau na zaune a inuwa yana shan gahawa.

Wata safiya Kawu ya bugo waya: jikin tsohuwa ya yi tsanani, sunansa take kira, ya zo yau. Hanyar Faza sai ta wani siririn mashigi, wanda ba a bi sai ruwa ya cika. Famau ya duba, ya ga akwai lokaci har da saura. Ya tayar da inji.

Inji ya yi ruri, jirgi ya yi kamar ana janyo shi ta baya. Ya ƙara wuta, sai hayaƙi da karkarwa. Masu kwalekwalen filafili suka wuce shi suna kallo. Kafin ya kai tsakiyar mashigin ruwa ya tsere, jirgi ya kafe a laka.

Ya diro ya leƙa. Ba a ma gane farfela, ta zama dunƙulen dutse, ƙumba kan ƙumba, gansakuka na reto. Ya zagi mai fenti har iyayensa. Sannan ya durƙusa, karo na farko a rayuwarsa, ya yi ta kankara da wuƙar yanka igiya har jini ya wanke masa hannu.

Ruwa bai dawo ba sai la'asar. Da ya isa Faza, maza na dawowa daga maƙabarta. Bai ga fuskarta ba, bai sallace ta ba, bai zuba mata ƙasa ba.

Kawu bai yi masa faɗa ba. Ya dubi yankakkun yatsunsa ya daɗe, sannan ya miƙa masa kwandon ƙaguwarta. A ƙasan kwandon, cikin tsumma, akwai ƙarfen kankara da ya cinye har rabi, da gwangwanin man kifi.

"Ta ce a ba ka haƙuri," in ji Kawu. "Wai daga yau kankarar farfela sai dai ka riƙa yi da kanka."