Dokar Ludo a Gidan Fatawu

A gidan Abdul-Fatawu da ke unguwar Tremont, idan an gama cin abinci ba mai tashi. Sai a ture faranti gefe a ɗauko ludo.

Yayarsa Muniratu ta lura da haka tun ranar da ta sauka. Famfo ne ya fashe a ɗakinta na Park Hill, ta tattaro akwati ta tare a wurin ƙaninta kafin a gama gyara. Matar gidan tana aikin kula da wata tsohuwa, sai ƙarshen mako take dawowa. Daga Fatawu, direban tasi, sai 'yarsa Na'ima, 'yar sakandare siririya kamar tsinken tsire.

Muniratu mai kitso ce, kuma a shagonsu ba a taɓa gama zance ba ta sa baki ba. Ta nemi sikeli a banɗaki, aka ce an jefar. Ta buɗe kabad neman biskit, wayam. Abinci da lokacinsa kamar salla. Duk Alhamis da la'asar kuma uba da 'ya sukan shirya su fita, wai suna da wurin zuwa.

Ta tsare Fatawu da tambaya. Ya yi dariya da dasasshiyar muryarsa, yana shafa tabon bayan yatsunsa. Ita ta san hannun nan tun yana dambe can gida a unguwar Nima, zamanin da koci ke auna shi safe da yamma. Ya ce tsarin gida ne kawai, Yaya.

Tsari? Muniratu ta taɓe baki. Ai wata da take yi wa kitso ta taɓa ba ta labarin ciwon nan da ake kira bulimiya: mutum ya cika ciki fam, sannan ya lallaɓa banɗaki ya amayar don tsoron ƙiba. Nan take ta gano komai. Ludon nan tsaro ne, yarinyar ake gadi, kuma ita aka mayar baƙuwa ake ɓoye wa.

Ta ɗaura ɗamarar magani. Ta dafa wake da shinkafa irin na Zango, da soyayyen yajin shito da ganda da dafaffen ƙwai, ta tula wa Na'ima. Yarinya ta cinye tas har ta nemi ƙari. Muniratu ta gyaɗa kai, don an ce mata haka suke yi. Ta juya ta tsokani ƙaninta, ta ce shi kam ya rage hannu, tumbi ya kusa taɓa sitiyari.

Na'ima ta ajiye cokali.

"Anti, ba a maganar jikin mutum a teburin nan."

Wata shaidar ke nan. Kalmar jiki kawai ta tayar mata da hankali.

Ranar Laraba Muniratu ta ce bari ta ga abin da zai faru in babu wasan. Ta sace ƙwayar ludon ta cusa cikin ɗankwalinta. Aka gama ci, Na'ima ta durƙusa tana lalube ƙarƙashin kujera, Fatawu ya ce bari ya amsa waya ya tashi. Da yarinyar ta ɗago ta ga kujerar uban babu kowa, sai fuskarta ta canza. Ta zabura ta nufi banɗaki. Muniratu ta cafke mata hannu, yarinyar ta fizge ta wuce.

Daga falo Muniratu tana jin ana buga ƙofa, ruwa yana zuba, sai magana ƙasa-ƙasa. Sun daɗe. Da suka fito, idanunsu duka jajur, hannun Fatawu a kafaɗar 'yarsa. Na'ima ta ce ba abin da ya faru, an tsaya a kan lokaci. Ta zo gaban goggonta ta miƙa tafin hannu. Muniratu ta zaro ƙwayar daga ɗankwali, kunya kamar ta nutse.

Abin ya tsaya mata a rai. Wasa ta ɗauke shi, ga shi ta kusa ɓata wa ƙaninta wahalar da yake sha a kan 'yarsa shi kaɗai.

Washegari ta ari kwat ɗin matar gidan, ta ƙwama baƙin tabarau, ta bi su a baya har cikin bas. Suka sauka gaban wani asibiti, suka hau bene zuwa sashen masu matsalar cin abinci. Ta raɓe bayan tukunyar fure da mujalla a fuska, tana bitar jawabinta. Da an kira yarinyar ciki, za ta je ta zauna kusa da Fatawu ta wanke shi tas a kan ɓoye-ɓoye, sannan ta gaya masa ko an gyara famfo ba inda za ta sai Na'ima ta warke.

Ƙofa ta buɗe, wata nas ta leƙo da fara'a ta ce likita tana jira. Muniratu ta sauke mujalla, ta gyara murya.

Na'ima ta karɓi hular ubanta ta riƙe, ta gyara masa wuyan riga kamar mai kai yaro makaranta, Fatawu kuma ya miƙe ya shiga ganin likitarsa.