Muciya Ta Huɗu

Ruwan da Ramlat ta kawo wa Zailani zaure, rabinsa ya zube kafin ta durƙusa. Wata goma sha ɗaya ke nan da zazzaɓi ya sake ta, amma ya bar mata gajiya da yatsun da ba sa jin magana.

"Ka dai gani," ta ce, idonta a ƙasa. "Ka nemi wata, Malam Zailani. Ranar da zan fara girki a gidanku, Gwaggonka na kallo muciya za ta suɓuce mini. Duk garin Rurum sai an ji."

Ya zaro wata muciya daga buhu. Ya naɗe mariƙinta da robar tayar babur ta yi kauri, ga madaukin zura hannu.

"Ta huɗu ce. Safa biyu na sa a hannu na gwada ukun farko, duk suka zame. Riƙe!"

Ta zura hannu. Yatsun suka yi rawarsu, muciya ba ta faɗi ba. Ta juya ta a iska, yana ƙirgawa da ƙarfi. A na shida ta gaji.

"Shida! Tuwon mutum biyu juyi arba'in ne, na ƙirga wurin Inna. Talatin da huɗun nawa ne."

"Gwaggo fa?"

"Ta ƙoshi tukuna ta yi magana."

Ta rufe dariyarta da mayafi. Ya miƙo hannu zai karɓi muciyar, ta ɓoye ta a bayanta.

"Wannan ta shiga kayan ɗakina. Ka turo su Kawu."