Wayar Mai Turare a Ranar Suna

Tabawa, kafin ki ƙulle kuɗin nan a haɓar zane ki nufi layin masu waya, ja kujera ki ji wani misali. Ni ma abin nan da kike so ya burge ni, ba zan ɓoye ba. A ce ki gaya wa waya abin da ke ranki, ta zana miki shi ɗan mitsitsi, ki cusa cikin saƙo kamar 'yan fuskokin nan masu dariya da kuka! Allah ya nuna mana zamani. Kin kuma san ni da kasuwa, tun da Malam ya rasu ni ke riƙe da gidan nan, ba a haifi ɗan kasuwar da ya taɓa yi mini wayo ba. To amma wayo ma yana da inda yake kai mutum ya baro.

An yi wata mai sayar da turaren wuta, mace mai ji da kanta. Wata rana a gidan biki ta ga wata malamar asibiti ta ce da wayarta, “Akuya da goggoro tana dariya.” Kafin a ƙifta ido sai ga akuya ta fito, goggoro a karkace, haƙora a waje. Mata suka yi ta shewa, wannan ta ce a zana mata tukunyar dambu mai fukafukai, waccan ta ce mijinta da hula a kan jaki. Mai turare ta kasa zama. Ta miƙe ta daki ƙirji ta ce ranar sunan jikanta, Juma'a mai zuwa, kowa zai ga ragon suna da rawani ya fito daga wayarta. Wata ta ce, “Hajiya, da wannan 'yar wayar taki mai tocila?” Aka kwashe da dariya. Ita kuwa ta ce a rubuta a ajiye.

Washegari ta sayar da tunkiyarta ta shiga kasuwa. Kin san dokarmu ta ciniki: ba ka nuna wa mai kaya inda ranka yake, in ya gani farashi ya hau bishiya. Da wannan dokar ta shiga. Ta ce ita waya kawai take so ta kira da amsawa, tana wani yatsine fuska. Ta ɗauki wata ƙatuwa mai ƙyalli, ta auna nauyinta a tafin hannu, ta ƙirga idanun kyamara guda uku, ta ƙwanƙwasa bayanta kamar mai gwada sabuwar randa. Mai kantin, bawan Allah, ya ce, “Hajiya, me za ki riƙa yi da ita? Faɗa mini in zaɓa miki.” Ta ce, “Kai ɗan nan, waya na zo saye, ban zo sayar da sirrina ba.” Ta taya, ya ce albarka. Ta juya ta tafi, ya kira ta. Sau uku ana haka, har gumi ya karyo masa ya sallama. Ta dawo gida tana taku ɗai-ɗai, duk wanda ta gamu da shi sai ya ji yadda ta karya farashi.

Ranar suna tsakar gida ta cika maƙil. Aka ci, aka sha, ta sa aka yi shiru, ta zaro waya daga jaka tana walƙiya. Ta ce, “Rago da rawani.” Shiru. Ta ƙara ɗaga murya, shiru. Maijego ta karɓa ta yi ta lalube, wurin zanen ma babu shi. Sai malamar asibitin nan ta duba cikinta ta ce wayar lafiyarta ƙalau, amma ƙwaƙwalwarta tsohon yayi ce. Wannan basirar mai zane tana son sabuwar ƙwaƙwalwa, da wurin aiki mai faɗi, wai giga takwas, tata kuwa huɗu ce. Ni dai ban san ko giga mudu ba ne ko tiya, amma na san takwas ta fi huɗu. Sannan sai an sa mata sabuwar manhaja, ita kuwa wannan ko an tura mata ba za ta ɗauka ba, kamar a ce za a tuƙa tuwon mutum ashirin a tukunyar mutum biyar. Mai turare ta tura waya ƙarƙashin mayafi. Har aka watse ba ta ƙara ɗaga kai ba, 'yan mata kuwa duk wadda ta gifta sai ta ce, “Hajiya, ragon bai gama naɗa rawanin ba?”

Da ta koma kanti da faɗa, mai kantin ya saurare ta har ta gama, sannan ya ciro wata 'yar madaidaiciya marar ƙyalli. Ya ce da wayar rago da rawani, sai ga shi, har da gemu. Ya ce, “Da kin faɗa, Hajiya, da ita zan ba ki. Kuɗin da ke hannunki ranar ya isa.” Tata kuwa ta riga ta zama ta hannu, ba za ta koma yadda ta fito ba, suna kuma ya wuce.

Saboda haka ki je ki taya, ki juya baya sau goma in kin so, kada ki raga masa ko sisi. Amma kafin nan ki buɗe baki ki ce ga abin da nake so ta yi, a gwada a gabanki, ki ga akuyarki da idonki. Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.