Buhun Shinkafa a Gidan Makoki

Alhaji Ɗantsoho, tunda kai aka ɗora a gaba ku je neman haƙƙin mamatanku, tsaya in ba ka misali. Kar ka dubi ajin da na tsaya a boko. Wajen sanin dabarar raba kan mutane, ko mai digiri sai ya ɗauki darasi a wurina.

A wani gari gada ta karye da motar 'yan kasuwa, mutum goma sha tara suka rasu. Kafin nan shekara biyu ana kai kukan tsagewarta, hukuma na cewa ana dubawa. Ranar sadakar uku iyalan suka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, suka yi alkawari: kullum bayan la'asar nan za su zauna, ba mai ganawa da hukuma shi kaɗai, har sai an faɗa musu wanda ya sa hannu cewa gadar lafiyarta ƙalau. Wata maginiyar tukwane da ta rasa 'ya'ya biyu ita ke share wurin.

Wakilin hukuma ya zo, amma bai nufi tsamiya ba. Gida-gida ya bi, ya tuɓe takalmi a zaure, aka yi fatiha, aka sauke buhun shinkafa da jarkar mai. To, wa ke korar mai ta'aziyya? Wa ke tsare baƙon makoki da tambaya? Kowane maigida ya sunkuyar da kai ya ce, "Mun gode, ranka ya daɗe, haka Allah ya ƙaddara." Maginiya kaɗai ta ce a mayar da buhun cikin mota. Sauran suka dafa, don yara ba sa cin alkawari. Duk wanda tukunyarsa ta tafasa kuwa, sai ya riƙa zagayawa ta bayan masallaci kar su haɗa ido da ita. Kafin sadakar arba'in, daga ita sai awaki a gindin tsamiya.

Ta je ofishin hukuma a birni, ta wuni a kan benci. Da yamma wani ma'aikaci ya leƙo ya ce, "Inna, gida goma sha bakwai sun bar wa Allah. Ke kin fi su jin zafi ne?" Ta dawo a kwalekwale tunda ba gada, ba sunan wanda ya sa hannu, ba amsa, kuma daga ranar ba wanda ya ƙara tayar da zancen.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, idan baki ya ci, dole ido ya ji kunya.