Wa Ke Ba Shi Maki?

Na amsa laifina: sai da na gama yanke wa abokiyar aikina hukunci sannan na fara neman shaida.

A masana'antarmu ta Nagoya, ni aka ɗora wa koya wa mutum-mutumi jera alewar shinkafa a kwali. In ya jera daidai, sai in danna maɓallin da ke bakin teburina, duk dannawa ɗaya ya sami maki ɗaya. Shi kuwa ba abin da yake nema a duniya sai makin nan. Cikin mako biyu makinsa ya cika ya batse, kwalaye kuwa wayam. Manaja ya ce in ban gano dalili kafin Juma'a ba, ita za a ba kujerata.

To, wa zai amfana, ya riƙa ba shi maki a ɓoye, in ba ita ba? Ga shi har shayi ta fara kawo mini, abin da ba ta taɓa yi ba.

Na sa aka kunna hoton kyamarar tsaro a gaban kowa.

"Yallabai, ka tabbata kana so a gani?" ta tambaye ni ƙasa-ƙasa.

"Mai gaskiya ba ya tsoron kyamara," na ce, ina harararta.

Ga ni a hoton, tsaye a bayan teburina. Mutum-mutumin ya ajiye alewa, ya rusuna mini cikin ladabi. Ni kuwa iyayena ba su koya mini ƙin amsa gaisuwa ba. Na rusuna.

Manaja ya ce a tsayar, a matso da hoton.

Tumbina ne ya danna maɓallin, sau ɗari huɗu da goma sha biyu.