Shaidu Uku, Buhu Ɗaya

Nafi'u, ɗalibin digiri na biyu, ya shigo ofishin Dakta Badamasi mai duba kundinsa, amma ko zaman kirki ya kasa yi. Lokacin miƙa aiki ya ƙarato, ga shi ya ɗora babi guda sukutum a kan wata magana da ya ce maƙaloli uku a mujallu daban-daban sun tabbatar. Dakta ya tambaye shi wane ne cikin marubutan ya fita ya yi binciken da kansa, kuma su wa suka tantance aikin kafin a buga. Nafi'u ya yi ta kaɗa ƙafa yana juya biro, ya ce, "Ai Malam, har uku ne fa." Dakta ya cire tabarau, ya ce to ya saurari wani misali.

An yi wani manomin rani a bakin wata fadama, jarumi ne wajen aiki, sai dai haƙuri ko na sisin kwabo ba shi da shi. Wata shekara ruwa ya makara bai janye daga gonarsa ba. Maƙwabta suka yayyafa irin albasarsu har wurin renonsu ya fara kore, shi kuwa ko irin bai saya ba. Abin ya hana shi sakat. Ya je gona ya dawo, ya zauna ya miƙe, tuwo ma a tsaitsaye yake ci, don albasar nan ita ce cin iyalinsa har wata damina. Da ruwan ya janye, ranar kasuwa tun ba a gama kasa kaya ba ya isa rumfar masu iri. To, shi irin albasa ba ya son kwantai. In ya shekara ya wuce, yawancinsa ya mutu, amma ido ba ya bambanta shi da sabo, duka baƙi ne wuluk. Shi ya sa manoma kan ɗebi ɗan kaɗan su ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma, su ajiye a gindin randa na 'yan kwanaki su ga ko zai tsira. Mutumin namu ya san da haka sarai, ba baƙo ba ne a sana'ar. Sai ya ce a ransa wa ke da lokacin zaman jiran tsumma, ai akwai hanya mafi sauri. Ya tambayi mai iri na farko, ya ce masa na bana ne, ba shi da na biyu. Ya ɗebi kaɗan a tafin hannu ya kai wa wani a can tsakiyar kasuwa, wannan ya duba ya ce irinsa ke nan yake sayarwa, kuma kowa yabonsa yake yi. Na uku a bakin tasha har da rantsuwa. Mutum uku, rumfa uku, magana ɗaya! Hankalinsa ya kwanta, har yana yi wa masu tsumma dariya a zuci, ya auni abin da zai ishi gonarsa duka.

Ya yayyafa, ya rufe da ciyawa, ya shiga ban ruwa safe da yamma. Kullum sai ya tsuguna ya ɗaga ciyawar ya leƙa, ya tona da yatsa, ya mayar, ya je ya dawo ya sake leƙawa. Abin da ya fito tsilli-tsilli ne, kamar haƙoran tsohuwa. Ya zargi ƙasa, ya zargi tsuntsaye, ya ƙara ruwa, ya ƙara jira, har dai ya gane babu abin da ke tafe. Ya koma kasuwa ransa a ɓace. Na farko ya ce shi fa wurin na tsakiyar kasuwa ya saro. Na tsakiyar kasuwa ya ce nasa daga hannun na bakin tasha ya fito. Na bakin tasha ya ɗaga kafaɗa, ya ce wani bafatake ne ya sauke masa buhu guda, ya ce na bana ne, ya hau mota ya wuce. Duk cikinsu babu maƙaryaci, kuma babu wanda ya taɓa sa ƙwaya ɗaya ta irin nan a ƙasa. Baƙin ciki ya ishe shi, don bai ga wanda zai kama ba sai kansa. Lokacin reno kuwa ya riga ya wuce. Shekarar nan a gonakin maƙwabta ya ƙare, yana ƙwadagon dasa albasar wasu, tasa gonar tana kwance fayau.

Dakta ya tura wa Nafi'u takardunsa. Ya ce ya koma ya bi kowace maƙala zuwa inda ta samo maganar, har ya iske wanda ya auna abin da hannunsa, ya ga yadda ya auna, ya ga kuma ko masana fannin sun duba kafin a buga. In bai iske kowa ba a ƙarshen hanyar, to ya rushe babin tun kafin masu jarrabawa su rushe masa shi a bainar jama'a. "Yawan masu faɗi ba ya tsirar da mataccen iri, Nafi'u. Hausawa sun gama magana: gani ya kori ji."